Kantar Sama a Ƙaramin Gareji ko Zaure: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ba kowa ne ke da abin da ɗan birni zai kira gareji ba. Wani a zaure yake tura babur da daddare, wani a shagon ƙofar gida, wani kuma ɗan ɗaki ya tayar da bulo don A Daidaita Sahu ko tsohuwar Golf. Ko ma wanne ne, kafin shekara ta zagayo wurin ya cika da injin ban ruwa, mesa, famfon feshi, buhunan wofi, tamfol, kujerun roba da tukwanen bikin uwargida, har babur ɗin da aka yi ɗakin dominsa sai an yi masa dabara kafin ya shiga. Ƙasa ta cika maƙil, sama kuwa fayau. Na daɗe ina aikin katako a wannan yanki, kuma tambayoyin nan su ne ake ta maimaita mini.

Malam, mece ce kantar sama? Ba ragaya ba ce aka sake wa suna?

Tunaninsu ɗaya. Iyayenmu mata sun daɗe suna rataye ƙwarya a ragaya don kada kyanwa da yara su kai gare ta. Bambancin yana wajen nauyi. Ragaya ƙwaryar nono take ɗauka, kantar sama kuwa shimfiɗa ce ta katako ko ƙarfe da ake yi sama da kan mutum, a jikin bango, ta ɗauki kayan da ba kullum ake taɓa su ba. Da zarar kaya sun kai nauyin da zai iya karya wuyan yaro idan sun faɗo, maganar ta wuce ta igiya da ƙusa.

Ga katakon rufi nan a shirye. Me zai hana in ɗaura kantar a jikinsa in huta?

Wannan ita ce tambayar da na fi sha, kuma amsata ba ta canzawa: kada ka yi.

Rufin kwano na ƙauye an yi shi ne ya ɗauki kwano, shi ke nan. Siraran katakan da ake buga kwano a kansu tubaitu ne, wato inci 2 da 2, wani wuri ma bai cika ba. Waɗanda ke ƙarƙashinsu tubaifo ne, wato inci 2 da 4, ko ƙasa da haka, sau da yawa an yi musu haɗi a tsakiya da ƙusa uku ko huɗu saboda tsawon katako bai kai ba. Wannan haɗin ba ya nuna gajiya a rana ɗaya. Sannu a hankali ƙusa take zamewa, rufi ya yi ciki, ruwa ya fara kwanciya inda kwano ya haɗu da kwano, sai ka ga ɗiga a inda da babu.

Sannan ga iskar farkon damina. Duk wanda ya zauna a yankin Gumel, Ringim ko Ɗambatta ya san yadda hadarin Mayu da Yuni yake zuwa da guguwa kafin ruwa. Iskar tana ɗaga rufi ta sake shi, ta ɗaga ta sake. Duk abin da ke rataye a jiki yana bin wannan girgizar. Na taɓa zuwa gyara a wani gida inda mai gidan ya rataye buhunan gyaɗa biyu da waya a jikin katakon rufi. Daren da aka yi iska katakon ya tsage daga inda yake da ido, buhunan suka sauko kan babur, suka murƙushe tanki da madubi. Allah ya taƙaita, ƙaninsa da ya saba kwana a zauren ya yi tafiya.

Abin da na yarda a rataya a katakon rufi shi ne abin da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya: lauje, igiya, ragar sauro a naɗe.

To ina nauyin zai sauka? Ɗakina na bulo ne.

Kan bango, ko kan dirka zuwa ƙasa. A ɗakin bulo hanya uku ce, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Wadda ta fi ƙarfi kuma ta fi araha ita ce a huda bango a zura katako. Ana fasa rami a bangon dama da na hagu, daidai da juna, a zura tubaifo ya shiga aƙalla inci 4 kowane gefe, a cike ramin da siminti. Abin lura shi ne bulonmu mai rami ne a ciki, ko mai inci 6 ko mai inci 9. Idan ka ɗora kan katako a kan fatar bulo kawai, da sannu za ta marmashe, musamman bulon da aka yi wa rowar siminti, irin wanda kake kankarewa da farce. Don haka a fara cusa tsohon buhun siminti cikin ramin bulon ya toshe ƙasa, a zuba kankare ya cika, a bar shi kwana biyu ko uku ana yayyafa masa ruwa, sannan a ɗora katakon.

Ta biyu, a ɗaure katako a kwance jikin bango da dogon bolt wanda zai ratsa bangon ya fita waje, a sa faffaɗan washa ko guntun ƙarfe a bayan, a ɗaure da noti. Wannan ma tana riƙewa sosai, amma sai bangon naka ne ciki da waje. Kada ka huda ka ɓulla ɗakin maƙwabci.

Ta uku ita ce bolt mai buɗewa a cikin rami. Shi wannan kankare yake so. A jikin linta, wato kankaren da ke saman ƙofa da taga, yana kamawa gam. A jikin bulo mai rami ba shi da abin kamawa. Idan maginin ya zagaye ɗakin duka da linta, ka yi sa'a, domin tana kusan ƙafa 7 daga daɓe, daidai inda ake son kanta. Idan a saman ƙofa kaɗai aka yi ta, koma hanya ta farko.

Ƙusar kankare kaɗai kuwa, ta rataya kalanda ce.

Namu ginin ƙasa ne. Mu ba mu da rabo ke nan?

Kuna da shi. Magina na gargajiya sun riga kowa sanin yadda ake ɗora nauyi a sama. Dubi ɗakin soro: azarar giginya ce ke ɗauke da ƙasar rufi gaba ɗaya, kuma saboda sun san iyakar ƙarfinta ba sa barin ta tsallaka fiye da wajen ƙafa 6 ba tallafi. Idan ɗaki ya fi haka faɗi sai su bi da dabarar jera azara daga bango, ko su yi bakan gizo, irin wanda ake gani a Gidan Makama a Kano. Azara ba ta jin gara kamar farin katako, shi ya sa har yau nake nemanta idan za a samu, ko da ta tsohon ɗakin da ya rushe ce.

Matsalar ita ce bangon da ya riga ya bushe. Ƙusa ba ta kama shi, bolt ba ya kama shi. Idan bangon mai kauri ne, irin na tubali na da, ana iya fafe rami a zura azara ta shiga ƙafa guda, a shimfiɗa guntun katako ko faffaɗan dutse a ƙarƙashinta don nauyin ya bazu, a mayar da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Idan siriri ne, ko ya taɓa tsagewa, ko gindinsa ya ci ruwa, kada a taɓa shi. A kafa dirka huɗu a yi kantar ta tsaya da ƙafafunta kamar rumfa, bangon ya zama abin jingina kawai. Itacen turare miƙaƙƙe yana yi, haka reshen darbejiya mai kauri, wadda mutanen Haɗeja ke ce wa maina. Ka ɗora gindin kowace dirka a kan dutse ko guntun kankare, kada ta taɓa ƙasa kai tsaye.

Dirka tana cin wuri kaɗan, gaskiya ne. Amma idan ka kai biyu can cikin kusurwa, sauran biyun kuma jikin bangon gefe, babur ba zai ma san da su ba.

Wane tsayi ya kamata, kuma wane faɗi?

Inda mutum zai bi ta ƙarƙashi, kada ta gaza ƙafa 6 da rabi daga daɓe. Inda gaban babur ko hancin mota ne kawai zai shiga ƙarƙashi, wato jikin bangon ƙurya, za a iya saukowa zuwa ƙafa 5, kuma wannan ne wurin da na fi so, don hannu yana kaiwa ba sai da tsani ba. Mai A Daidaita Sahu ya auna tasa tukuna, rufinta ya haura ƙafa 5 da rabi. Mai mota kuma ya buɗe but da bonet ya ga inda suke kaiwa. Ka shigar da abin hawan ciki, ka rufe ƙofa, sannan ka yi alama a bango da gawayi. Awo da ido a ɗakin da babu komai yana yaudara.

Faɗi kuwa ƙafa 2 ya isa. Akwai dalili biyu. Falle ɗaya na filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, idan aka tsaga shi a tsaye sai ya ba da kanta biyu masu ƙafa 2 da 8, ba asarar ko guntu. Na biyu, abin da ya wuce tsawon hannu ya zama ɓatacce. Duk kantar da na gani mai zurfin ƙafa 4, ƙuryarta ta zama gidan ɓera da kayan da aka manta da su tun auren fari.

A bar tazarar aƙalla ƙafa ɗaya tsakanin saman kaya da kwano.

Katako zan yi ko in kira mai walda?

Ya danganta da abin da ke kusa da kai. Ƙarfe mai kusurwa, wanda masu walda ke kira angul, ba ruwansa da gara, kuma siriri ne, ba ya cinye tsayin ɗaki. Amma ya fi tsada, kuma idan garinku ba wuta sai an biya kuɗin janareta ko an ɗauko shi daga gari a haɗe. Idan za a yi, a yi masa tallafi mai kusurwa uku a ƙasa, a shafe shi da jan fenti kafin a kafa. Masu shiga Kano suna samun ƙarfe sabo da na hannu a Kofar Ruwa.

Katako ya fi sauƙi ga yawancin mutane, don zarto da guduma kawai yake buƙata. A 'Yan Katako ta Na'ibawa akwai kowane iri, kuma kusan kowace babbar kasuwar mako ana kawowa. Ka zaɓa da kanka, kada ka aiki yaro. Ɗaga katakon ka sa ido a ƙarshensa kamar mai saita bindiga, ka ga ko ya karkace. Ka guji mai manyan idanu a tsakiya, da mai ƙananan huji da gari ke zuba. Wanda ya yi nauyi fiye da 'yan uwansa kuma yake da sanyi a hannu ɗanye ne, zai murɗe idan ya bushe.

Ga wani abu da ko wasu masu koyon kafinta suke kuskurewa: tubaifo a tsaye ake sa shi, kan siririn gefensa, ba a kwance ba. A tsaye ƙarfinsa ninki 2 ne, kuma lanƙwasawarsa kashi ɗaya cikin 4 ce ta wanda aka kwantar. Katako ɗaya, kuɗi ɗaya, juya shi kawai aka yi.

Me da me zan saya, kuma nawa zai ci?

Farashi ba zan faɗa ba, don na yau ba shi ne na jibi ba. Amma ga lissafin kaya na kanta ɗaya a ɗakin da faɗinsa ƙafa 8: tubaifo mai tsawon ƙafa 12 guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ragowar da aka yanke a yi gicciye da ita a tsakani, kada tazarar gicciye ta wuce ƙafa 2. Idan ba ta isa ba a ƙara guda. Sai rabin fallen filawud mai kaurin rabin inci ko fiye, ƙusa mai inci 4 da mai inci 2, da siminti kamar mudu biyu ko uku. Ba sai ka sayi buhu ba, wanda ke gini a unguwa zai sayar maka ko ya ba ka.

Idan ɗakin ya kai ƙafa 10 ko 12, ko dai a koma tubaisis, wato inci 2 da 6, ko a kafa dirka ɗaya a tsakiya. Dirkar ta fi araha.

Wurin rage kuɗi shi ne shimfiɗar, ba ƙashin kantar ba. Filawud shi ne mai tsadar, kuma ba dole ba ne. Tsohon ƙyauren ƙofa yana yi. Allunan da aka cire bayan zuba kankare suna yi, a kankare simintin a cire ƙusoshi. Gora ko gwangwala da aka jera aka ɗaure da waya suna yi, har sun fi don iska na ratsawa. Abin da ba ya yi shi ne allon silin da allon garin katako da ake haɗa kabad da shi. Ɗiga ɗaya ta damina ta ishe su su kumbura su ɓare.

Nauyi nawa za ta ɗauka? Ina so in kai buhunan masara sama.

A takarda tubaifo biyu masu kyau za su ɗauki fiye da abin da zan faɗa. Amma ba katako ne ke fara gazawa ba, mahaɗa ce da bango. Ni dokar da nake ba mutane ita ce kada duk kayan da ke kan kanta mai ƙafa 8 su wuce kilo 100, kuma a baza su, masu ɗan nauyi su tsaya gefe kusa da bango.

Yanzu ka auna. Babban buhun masara ɗaya kilo 100 ne. Buhun taki ko na siminti kilo 50. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ka ga buhu ɗaya ya cinye kason duka, kuma a wuri guda. Ban da haka wa zai hau tsani da kilo 100 a ka, wa zai sauko da shi? Hatsi ƙasa yake zama, a kan katako ko duwatsu da suka ɗaga shi daga daɓe. Dabarar ita ce a kwashe tarkacen da suka tare ƙasa a kai su sama, sai hatsin ya samu wuri. Tabarmi, tamfol, buhunan wofi, kujerun roba a jere cikin juna, mesa a naɗe, fanteka da tukwanen biki, bargunan hunturu, su ne 'yan sama.

Akwai abin da ko ba shi da nauyi bai kamata ya hau ba?

Akwai, kuma zafi ne dalili. A watan Afrilu, lokacin da inuwa ma take haura digiri 40, ƙarƙashin kwano tanda ce.

Fetur na farko. Jarka tana kumbura a zafi, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, saukowa yake yi ya kwanta a ƙasa, inda ake kunna ashana da maganin sauro. Idan dole ne a ajiye, kaɗan, a ƙasa, a inuwa, inda iska ke shiga, ba ɗakin da ake kwana ba. Irin shuka na biyu: wake, gyaɗa, riɗi ko shinkafar da ka ware don baɗi, zafi yana kashe ƙarfin tsirowarsu, sai ka shuka ka zargi ƙasa. Batirin sola ga nauyi ga shi zafi na rage masa kwana. Harawa ba nauyi, amma ajiye ta a saman babur mai tanki cike da mai neman gobara ne.

Maganin feshi kuwa mutane na son kai shi sama don yara, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai kwalba tana iya tsiyaya kan abin da ke ƙasa. Gara a yi masa ƙaramin akwati mai kwaɗo, nesa da abinci. Ƙwayar nan ta hatsi da ake ce wa bom, iskar da take fitarwa tana kashe mutum, ba a sa ta a ɗakin da wani ke kwana ko mai haɗe da shi. Wanda ke son adana wake ba magani ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ya ɗaure kowace da kyau, ya ajiye a ƙasa kan katako.

Gara fa?

A shafe katakon kafin a kafa shi, ba bayan ba, kuma a fi ba ƙarshensa da zai shiga bango, don ta nan take shigowa. Mai hali ya sayi Solignum, maganin gara da ake shafa wa katako. Yawancin mutane baƙin mai suke amfani da shi, wanda aka juye daga inji, kuma yana taimakawa, sai dai yana ɓata kaya yana wari, don haka a tsaya kan ƙashin kantar, kada a shafa inda tabarma da bargo za su kwanta. A bar shi ya sha rana kwana biyu. Bayan haka sai sa ido: da ka ga siririn layin ƙasa yana hawa bango, ka kankare shi ka bi shi har inda ya fito.

Yaya zan yi da ɓera da ƙurar hunturu?

Duk abin da zai hau sama a sa shi cikin buhu a ɗaure baki, ko cikin tsohon akwatin ƙarfe. Kwali gidan ɓera da kyankyaso ne. A rubuta abin da ke ciki a jikin buhun, ko da ajami ne, don kada a sauke biyar ana neman ɗaya. Kuma kada ka taɓa zura hannu inda idonka bai gani ba. Kunama da rina suna son irin wurin nan, haska tocila tukuna.

Shagon haya nake. Mai shi ba zai yarda a huda bango ba.

Yi mai dirka huɗu, ka haɗa ta da bolt maimakon ƙusa. Ranar tashi ka kwance abarka ka ɗora a kura. Ka buga mata katako a karkace a baya da gefe ɗaya don kada ta yi rawa.

Zan iya yi da kaina ko sai na kira kafinta?

Idan ka taɓa kafa rumfa ta tsaya, za ka iya. Ka nemi mutum ɗaya ya riƙe maka. Don a samu daidaito, siririyar tiyo mai haske da aka cika da ruwa ta isa: inda ruwan ya tsaya a wannan bangon, nan zai tsaya a wancan. Kafin ka huda bango ka duba inda wayar lantarki ko ta sola ta bi, yawanci a miƙe take daga makunni zuwa sama. A gaban kantar ka buga siririn katako ya ɗago inci 2, shi zai tare tukunya idan ta gangaro. Tsani kuma kada ya kwana a jingine, yara na ganinsa za su hau.

In an gama, kafin kaya su hau, a fitar da babur, babban mutum ya kama katakon gaba ya ɗan saki nauyinsa a hankali. Idan ka ji ƙara ko ka ga gari na zuba daga ramin bango, aikin bai ƙare ba.

Wane lokaci ya fi dacewa a yi aikin?

Bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Katako ya bushe, akwai ɗan kuɗin amfanin gona a hannu, bangon ƙasa ya saki danshi, kuma mutum zai iya tsayawa ƙarƙashin kwano ba tare da ya narke ba. Idan damina ta farko ta zo, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka hau da tocila ka duba inda rufin ke ɗiga, ka toshe hujin ƙusa da kwalta, ka matsar da bargo da tabarmi daga wurin.